Yadda tela ke samun amincewar sabon mai kawo ɗinki a Abijan

Telan da ya kafa kekensa a unguwar Arras ta Treichville, ko ya kama shago a Ajame, yana aiki ne a garin da ba a san asalinsa ba. Abijan ta tara Baule da Jula da Mosi da Hausawan Nijar da na Najeriya, ga kuma telolin Senegal da suka yi suna a ɗinkin shadda. A irin wannan wuri, a ganina, amincewa tana samuwa ne tun kafin almakashi ya taɓa yadi, daga abin da tela ya faɗa da abin da ya yarda a rubuta.

Da farko aron amana ake yi. Haka fataken goro da na shanu suka yi: baƙo ya sauka wurin maigida, maigida ya tsaya masa a kan bashi, tsarin da Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan. Sabon tela ma sai ya raɓi wanda aka sani, ko tsohon tela, ko mai sayar da shadda a babbar kasuwar Treichville, ko limamin masallacin da yake salla, don a samu mai cewa "je ki wurinsa, na san shi".

Idan mai kawo ɗinkin ta zo, nan ne aikin yake. A warware shaddar a gabanta, a auna da tef tana kallo, a faɗi ko mita nawa ce. In akwai tabo ko huji a nuna mata a take, domin shaddar Getzner ba kayan wasa ba ce, kuma tabon da aka gano bayan ta tafi na tela ne ko da daga kanti ya zo. Sannan tela ya faɗi iyakar iyawarsa: "Hajiya, wannan aikin wuyan ba ni nake yi ba, kaiwa nake yi, zai ƙara jaka uku." Sai a rubuta awo da farashi da kafin alƙalami da ranar karɓa a littafin shago, a maƙala ɗan ƙyallen yadin a shafin, ita ma a ba ta takarda. In ta biya ta Wave ko Orange Money, saƙon ya zama shaida ta biyu. Wasu na ganin rubutu tsakanin Musulmi zargi ne. To, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, kuma ɗinkin da aka karɓi kuɗinsa ba a gama ba nauyi ne a wuyan tela.

Ranar karɓa ce ta fi kayar da teloli. Wanda zai gama Laraba ya ce Juma'a. In wuta ta ɗauke ko mai aikin wuya ya saɓa, tela ya riga ta bugo waya. Za a ce gab da Babbar Salla, wadda a Kwaddibuwa ake kira Tabaski, ƙin karɓar ɗinki zubar da kuɗin shekara ne, ga hayar shago tana jira. Gaskiya ne, asara ce, ban raina ta ba. Amma matar da ta kwana a bakin shago daren salla ba ta dawowa, kuma sai ta ba da labari a kowane biki da suna da ta je. Wadda aka gaya wa "littafina ya cika" takan dawo bayan salla.

Ran da ta zo karɓa, ta gwada kayan a shago, a gyara abin gyara kyauta, a naɗe ragowar yadin a saka mata a leda ko da bai fi na hular yaro ba. Ɗan'uwa tela, kada ka jira sai ta tambaye ka ragowar.