Yadda Dafin Tetanos Ke Shiga Jijiya

Gabatarwa

Ciwon sarƙewar haƙora, wanda likitoci ke kira tetanos, ba baƙo ba ne a yankunan noma da kiwo irin su Sangere da sauran ƙauyukan Girei. Ƙwayar bakteriyar da ke haddasa shi, Clostridium tetani, tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, ƙunshe a wani ƙoƙo mai tauri da ke jure zafin rana shekara da shekaru. Idan manomi ya sare ƙafa da fartanya, ko yaro ya taka ƙusa, ko aka yanke cibiyar jariri da tsohuwar reza, sai ta sami shiga. Ƙwayar takan tsaya a cikin raunin, dafin da take fitarwa shi ke yin tafiya. Wannan rubutu zai bi sawun dafin ne daga rauni har zuwa laka.

Ƙirar Dafin

Kitasato, masanin Japan, ya ware ƙwayar a Jamus a 1889, kuma a 1890 aka tabbatar dafinta ne ke kawo ciwon. Dafin furotin ne mai ɓangare biyu da ke ɗaure da juna. Babban ɓangaren shi ke neman ƙofa ya buɗe ta, ƙaramin kuma almakashi ne da ke yin ɓarna bayan an shiga.

Matakan Shiga

Mataki na farko shi ne mannewa. A bakin jijiyar da ke motsa tsoka akwai wani maiƙo mai rassan sukari da ake kira gangiliyosid. Babban ɓangaren dafin yakan kama shi tamau, sannan ya ƙara riƙo da wani furotin na wurin. Wannan riƙo biyu ne ya sa dafin ke tsallake sauran ƙwayoyin jiki ya nufi jijiya.

Na biyu, haɗiya. Fatar jijiyar takan lotsa ciki ta naɗe dafin a 'yar jaka, kamar yadda ta saba karɓar kayan amfaninta.

Na uku, tafiya. Cikin jijiya akwai hanyar jigilar kaya zuwa laka, sai jakar ta bi ta. Wannan na daga dalilan da suka sa alamun ciwon kan ɗauki kwana 3 zuwa 21 kafin su bayyana. A jarirai galibi wajen kwana 7 ne, wato daidai lokacin suna, sai a ga yaro ya kasa kama nono.

Na huɗu, ƙetarawa. A laka dafin yakan koma cikin jijiyoyin da ke taka wa tsoka birki. Can ruwan jakar yakan yi tsami, babban ɓangaren ya huda ta, almakashin ya fito. A 1992 masana a Jami'ar Padua ta Italiya, Schiavo da Montecucco da abokan aikinsu, suka nuna cewa yana datse furotin ɗin sinaptobirebin, wanda jijiya ke buƙata kafin ta saki saƙo. Saƙon "saki" ya yanke, birki ya tsinke ke nan: haƙora su sarƙe, wuya ya sandare, baya ya banƙare.

Ɗan'uwansa Botulinum

Dafin Clostridium botulinum, da ake samu a abincin gwangwani da ya lalace, ƙirarsu ɗaya, amma shi a bakin tsoka yake tsayawa ya hana saƙon "motsa". Saboda haka mai shi jikinsa saki yake yi, ya yi laƙwas.

Kammalawa

Darasin da ke cikin wannan tafiya shi ne, maganin karya dafi yana kama wanda ke yawo cikin jini ne kawai. Wanda ya riga ya shige jijiya ya fi ƙarfinsa, sai dai a yi ta jinya makonni har jijiyar ta gyara kanta. Haka nan wanda ya warke bai tsira daga sake kamuwa ba. Allurar riga-kafi ce ke tare dafin tun a bakin ƙofa: ta jarirai a mako na 6 da 10 da 14, da ta masu juna biyu a wurin awo. Wanda ya ji rauni a gona ya wanke shi da sabulu ya nufi asibiti a ranar, kada ya cusa masa ƙasa ko kashin shanu. Dama Bahaushe ya ce riga-kafi ya fi magani.