Tsohon ganyen taba: ɗaci ya ragu, dafi yana nan

Manoma da masu karatu, darasinmu na wannan karo a kan ganyen taba ne. Masu shan lofe suna cewa tabar bana tana ƙona maƙogwaro, ta bara kuwa tana da laushi. Wasu har suna cewa tabar da ta daɗe a ajiye ba ta cutarwa. Maganar farko gaskiya ce. Ta biyun kuskure ne mai tsada.

Taba ba baƙuwa ba ce a ƙasar Damagaram. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka birnin Damagaram a ƙarshen shekarar 1852. Ya rubuta cewa ya ga gonakin taba da yawa a gefen gari, saboda ruwa yana kusa a ƙasa. Taba tana son irin wannan wuri mai damshi, kamar garake na bakin tabkin Gidimuni, inda muke noman rake da rogo da tumatir.

Ganyen taba yana da shekaru iri biyu: kwanakin da ya yi a jikin itacensa, da watannin da ya yi a ajiye.

A jikin itace, ganyen ƙasa shi ne babba, shi ke fara nuna. Ana soma tsinkarsa wata biyu zuwa uku bayan dashe. Alamar nunarsa ita ce ya soma komawa rawaya, kuma ya ɓalle da sauƙi. Ganyen ƙasa siriri ne, ba shi da ƙarfi sosai. Na sama ya fi kauri, ya fi bugu. Abin da ke bugun mai sha wani sinadari ne da ake kira nikotin. A saiwa ake yin sa, sannan ya hau zuwa ganye. Idan manomi ya karye kan itacen kafin ya yi fure, ganyen sama sai ya ƙara faɗi, nikotin ɗinsa ya ƙaru.

Bayan tsinka sai busarwa. Wanda aka rataye a inuwa yana yin wata ɗaya zuwa biyu kafin ya bushe. Manyan kamfanoni ba su yin aiki da shi nan take. Suna danne shi cikin ɗauri ko manyan akwatuna, ya kwana shekara ɗaya, ko biyu, ko uku. A wannan zaman ne warin ɗanye ke fita, launi ya yi duhu, kaifin hayaƙi ya ragu. Daga nan su gauraya iri-iri don tabar lofe. Akwai wata baƙar taba da ake kira Perique, ta jihar Luwiziyana a Amurka. Ana matse ta cikin ganga kamar shekara guda, ta ruɓa cikin ruwan jikinta. Ƴar kaɗan ake sawa cikin gauraye, kamar yadda uwargida ke sa daddawa a miya.

To, me tsufa ya cire daga ganyen? Ɗaci da kaifi kawai. Nikotin yana raguwa kaɗan, amma mafi yawansa yana nan. Kwalta da iskar guba kuwa wuta ce ke haifar da su, kuma tsohon ganye yana ci da wuta kamar sabo. Masana sun ƙidaya sinadarai fiye da 7,000 a hayaƙin taba. Wajen 70 daga cikinsu suna kawo ciwon daji.

Ga wani abu da ya kamata mu riƙe da kyau. Akwai wasu sinadarai masu kawo ciwon daji waɗanda kusan babu su a ɗanyen ganye. Lokacin busarwa da ajiya suke samuwa. Idan ɗakin ajiya yana da zafi da damshi, suna ƙaruwa. Ke nan ta wannan fuska tsufa ƙara wa taba sharri yake yi. Laushin hayaƙin ma tarko ne: abin da bai sa mutum tari ba, ya fi zuƙarsa da yawa.

Mai lofe yakan ce shi ba ya haɗiye hayaƙi. Amma nikotin yana shiga jini ta fatar baki. Ciwon daji na leɓe da harshe da maƙogwaro yana kama masu lofe. Haka yake ga masu sa taba gari a baki. Kanwar da ake haɗa ta da ita tana sa nikotin ya shiga jiki da sauri, shi ya sa barin ta ke da wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, har da waɗanda ba su sha, sai dai suna zaune kusa da mai sha. A shekarar 2006 Nijar ta kafa dokar yaƙi da taba, wadda ta hana shan ta a wurare kamar asibiti da makaranta.

Ɗanyen ganye ma yana da nasa haɗari. Idan raɓa ta jiƙa shi, nikotin yana narkewa cikin ruwan, ya ratsa fatar mai tsinka. Sai jiri, da ciwon kai, da amai. Duk mai ƴar taba a gefen garkarsa ya jira raɓa ta bushe. Ya sa riga mai dogon hannu, ya wanke jiki da sabulu bayan aiki. Kada a sa yara wannan aiki, domin jikinsu ƙarami ne. Idan amai ya ƙi tsayawa, a kai mutum wurin likita, a faɗa masa aikin da ya yi.

Saura magana ɗaya ga masu tumatir da tattasai da barkono. Taba tana da wata cuta da malaman gona ke kira mozayik. Ganye yana yin dabbare-dabbare, kore da rawaya, ya tattare, shuka ta tsumbure. Ƙwayar cutar ba ta mutuwa don ganye ya bushe. Tana iya yin shekaru da yawa a cikin tsohuwar taba. Mutum ya murza taba a tafin hannu, ya cika lofe, sannan ya kama dashen tumatir: ya kai cuta garka da hannunsa. Babu maganin feshi da ke warkar da ita. Shukar da ta kamu a tumɓuke ta, a ƙone ta nesa da garka. Mai taɓa taba kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya shiga wurin reno, ya wanke wuƙarsa da sauran kayan dashe.