LAMBUN GIDA: HUKUNCIN TAKI DA LADAN RABA IRI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Yake rayar da ƙasa bayan mutuwarta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi ɗan lambun nan da magidanci ko uwargida sukan kafa a bayan ɗaki ko a gefen rijiya, inda ake shuka alayyafo da rama da yakuwa da kuɓewa da tumatir da albasa. Mutane da yawa sun ɗauka wannan aiki ba shi da wata alaƙa da addini, alhali kuwa malamai sun yi bayani a kansa tun zamanin da. Lambu ba ya tsayuwa sai da abu biyu bayan ruwa, watau taki da iri, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana da hukuncin da ya kamata Musulmi ya sani. Rashin sanin hukuncin taki yakan sa wani ya ƙyamaci abin da yake halal, ya bar ƙasarsa ta mutu. Rashin sanin hukuncin iri kuwa yakan jefa wani cikin riba yana zaton taimako yake yi.

FALALAR SHUKA

Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisi daga Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, wanda ma'anarsa ke nuna cewa duk abin da Musulmi ya dasa ko ya shuka, idan mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, za a rubuta masa ladan sadaka. Hadisin bai ƙayyade girman gona ba. Saboda haka mai fangali uku a tsakar gida ya shiga cikin wannan albishir kamar yadda mai gandu ya shiga. Har akuyar maƙwabci da ta ɓalle ta cinye masa latas, idan ya yi haƙuri, ba ta tafi da hasara kaɗai ba, ta bar masa lada.

DARASI DAGA ANDALUS

Babu inda Musulmi suka ba ilmin lambu muhimmanci kamar Andalus, ƙasar da take cikin Sifen da Fotugal na yanzu. Kudancin wannan ƙasa yana da yanayi tsaka-tsaki. Ruwan sama yakan sauka ne a lokacin sanyi, sa'an nan bazara ta zo da fari da zafi mai tsanani, har a birnin Ishbiliya ma'aunin zafi yakan wuce 40. Wanda yake son ganye ɗanye a irin wannan wuri dole ya iya ban ruwa, ya kuma iya ciyar da ƙasa. Mutanen Andalus mabiya mazhabar Imamu Malik ne, kamar mutanen ƙasar Hausa, don haka abin da malamansu suka rubuta game da taki bai zama baƙo a nan ba.

Daga cikin masanansu akwai Ibn Bassal, mutumin Ɗulaiɗila, wanda ya kula da lambun Sarki Ma'amun, daga baya ya koma Ishbiliya sa'ad da birninsu ya faɗa hannun Kirista a shekarar 1085. Ya kasa taki gida bakwai. A ciki akwai kashin tumaki, da na tattabaru, da na dawaki da jakuna, da toka, da kuma wanda mutum yake haɗawa da hannunsa daga ciyawa da makamantanta, ya bar su su ruɓe. Bayansa, a ƙarshen ƙarni na 12, Ibn al-Awwam na Ishbiliya ya wallafa Kitabul Filaha mai babi 34, inda ya yi bayanin tsirrai fiye da 500. An fassara littafin zuwa harshen Sifen a 1802, domin Turawa sun ga amfaninsa bai ƙare ba. Abin da waɗannan masana suka haɗu a kai shi ne, tsohon taki wanda ya ruɓe sarai ya fi ɗanye, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kawo tsutsa da ciyawa.

SHIN TAKI NAJASA NE?

A mazhabar Malikiyya, kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta masu tsarki ne, muddin ba najasa take ci ba. Wannan ya haɗa da shanu da tumaki da awaki da raƙuma da tattabaru, da kaji waɗanda ba sa kiwo a kan ƙazanta. Saboda haka wanda ya zuba takin awaki a lambunsa, ya ɗan taɓa masa riga, sa'an nan lokacin salla ya yi, sallarsa ba ta ɓaci ba, ko da yake wankewa ya fi dacewa da tsabta. Imamu Shafi'i yana ganin kashin dabbobi duka najasa ne, wanda yake bin mazhabarsa sai ya kiyaye wannan.

Amma kashin jaki da doki da alfadari najasa ne a bisa mashhurin mazhaba, haka kuma bayan gidan ɗan Adam. To, mene ne hukuncin abin da ya tsiro a kansu? Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya lissafa shukar da aka rena da najasa cikin abubuwa masu tsarki, domin ƙasa ta riga ta juyar da najasar ta zama wani abu dabam. Abin da ya rage shi ne a wanke abin da ya taɓa ganyen daga waje. Wannan shi ne ra'ayin mafi yawan malamai. An ruwaito cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yakan ɗauki kwandon taki da kansa ya kai gonarsa. An kuma ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yakan sharɗanta wa masu hayar gonarsa kada su zuba mata bayan gidan mutane. Ilmin likitanci na yau ya ƙarfafa tsantsenin Ibn Umar, domin ɗanyen bayan gida yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin cutar amai da gudawa da na zazzaɓin taifot. Bai kamata a kusantar da shi ga ganyen da ake ci ɗanye ba, kamar latas da kabeji da karas.

Game da ciniki kuwa, sayar da taki mai tsarki halal ne ba tare da wata shakka ba. Wanda yake najasa ne aka yi saɓani a kansa. Ibnul Ƙasim, almajirin Malik, ya halatta sayar da kashin dabbobi, Ashhabu kuma ya nuna mai saye ya fi mai sayarwa uzuri. Alƙali Ibn Asim na Garnaɗa, wanda ya rasu a 1426, ya ambata a cikin Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna aiki da shi, cewa malamai sun yi rangwame a cinikin taki saboda larura. A kan wannan rangwame manoman kewayen Kano suka daɗe suna kwasar toka da shara da kashin dabbobi daga cikin birni a mangalar jakuna, suna kai wa gonakinsu. Da haka suka riƙa noma fili guda shekara da shekaru ba tare da sun bar shi saura ba.

YADDA AKE HAƊA SHI

A wuri mai zafi ƙarfin ƙasa yakan ƙare da sauri, domin rana da ƙananan halittun cikin ƙasa suna cinye ruɓaɓɓen ganye cikin ɗan lokaci. Takin zamani yana ciyar da shuka, amma ba ya gyara jikin ƙasa ta riƙa riƙe ruwa, ga kuma tsada. Takin gida kuwa kayan haɗinsa suna nan a kowane gida ana zubarwa a bola.

Ana haƙa rami a inuwa, zurfinsa kamar kamu biyu. A shimfiɗa busasshen abu a ƙasa, kamar kara da aka sassara da ƙaiƙayi da busasshen ganye. A bi shi da ɗanyen abu, watau ɓawon kayan miya da ciyawa da ragowar ganye. Sa'an nan a zuba kashin dabbobi, a barbaɗa toka kaɗan da ƙasa, a yayyafa ruwa. Haka za a riƙa jerawa har ramin ya cika. Busasshen abu ya kamata ya fi ɗanye yawa. Laimar da ake so ita ce kamar ta tsumman da aka matse. In ruwa ya yi yawa sai ya yi wari, in ya yi kaɗan ba zai ruɓe ba. Bayan 'yan kwanaki cikinsa zai ɗau zafi, har yakan kai ma'auni 60, wannan zafi kuwa shi ke kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. A riƙa juya shi bayan kowane mako biyu ko uku don iska ta shiga. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, ya riƙa ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya jiƙa. To, ya nuna ke nan.

Akwai ladubba guda uku da Musulmi zai kiyaye a nan. Na farko, kada abincin da mutum ko dabba za su iya ci ya tafi rami, domin wannan almubazzaranci ne. Na biyu, a tsince duk takardar da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah kafin a zuba shara, kamar yadda ake tsince leda da kwalba da tsohon batir. Na uku, kada a haƙa ramin a jikin katangar maƙwabci ko ƙarƙashin tagarsa ko kusa da rijiya. Imamu Malik ya kawo hadisin da ya hana cuta da cutarwa a cikin Muwaɗɗa, kuma malamai sun lissafa wari da laima mai cin gini cikin cutar da maƙwabci yake da ikon kai ƙara a kanta.

IRI DA HAKKIN MAƘWABCI

Masu tarihin Andalus sun ba da labarin Abdurrahman na Farko, wanda ya kafa mulki a Ƙurɗuba a shekarar 756. Ya gina lambu ya sa masa suna Rusafa, ya riƙa aikawa Sham ana kawo masa iri. Wata rana aka kawo masa wani rumman mai daɗi, ya rarraba wa mutanensa. Ɗaya daga cikinsu mai suna Safar bai tsaya ga ci kawai ba, sai ya shuka ƙwayar a ƙauyensa, ya yi ta renonta har ta yi 'ya'ya, ya kawo wa sarki. Daga nan aka dasa a Rusafa, ya bazu cikin ƙasa, aka riƙa kiransa da sunan Safar ɗaruruwan shekaru. Da ya ɓoye wa kansa, da irin ya mutu tare da shi. Ta irin wannan hanya, daga hannu zuwa hannu, shinkafa da rake da auduga da lemo da gauta suka yaɗu a Andalus.

Wanda ya ba maƙwabcinsa irin kuɓewa mai kyau ya yi wa kansa ajiya biyu. Ta farko lada, domin duk wanda ya ci daga abin da ya tsiro yana da rabo a ciki. Ta biyu kuwa, ranar da gara ko ƙwaro suka cinye nasa, zai same shi a gidan da ya bayar. Masu iya magana sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Sai dai amana ta wajaba a cikin bayarwa. Irin da za a ajiye a zaɓe shi daga shuka mafi lafiya, a bar shi ya ƙosa a jikin uwarsa, a shanya a inuwa, a zuba a gora ko kwalba busasshiya tare da toka. Irin albasa ba ya daɗewa, ƙarfinsa yakan ragu bayan shekara guda, amma na tumatir yakan kai shekaru. Mai shakka sai ya naɗe ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma, ya ƙirga waɗanda suka tsiro bayan mako guda ko fiye. Akwai kuma irin kanti wanda aka yi wa aure tsakanin iri biyu. Wannan yakan yi kyau a shukar farko, amma 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwarsu. Wanda ya san irinsa tsoho ne, ko yana da ciwo, ko daga irin aure ya fito, wajibi ne ya faɗa. Ɓoye aibi a ciniki algus ne, Manzon Allah kuwa ya yi kashedi mai tsanani a kansa. Ko a kyauta ma, sa ɗan'uwa ya ɓata damina guda a kan mataccen iri ba ƙaramar cuta ba ce.

INDA RIBA TAKE SHIGA

Hanya uku ake karɓar iri: kyauta, ko rance, ko musaya. Kyauta saboda Allah ba ta da wani sharaɗi, kuma ita ce mafificiya. Rance halal ne, amma mudu ɗaya ake biya da mudu ɗaya. Al'adar nan ta ba mutum mudun wake lokacin shuka bisa sharaɗin ya mayar da biyu da kaka riba ce tsantsa, ko da su biyun sun yarda. In mai biya ya kawo wanda ya fi kyau don ra'in kansa, ba da sharaɗi ba, wannan kyakkyawan biya ne da Sunna ta yaba.

A musaya kuwa, irin da yake abinci ne da ake ajiyewa, kamar wake da masara da gero, idan jinsi ɗaya ne dole awo ya zama daidai, kuma hannu da hannu. Idan jinsin ya bambanta, kamar wake da gero, ya halatta ɗaya ya fi ɗaya yawa, amma ban da jinkiri.

ZAKKA

Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, ya bayyana a cikin Risala cewa ganyaye da 'ya'yan itatuwa ɗanyu babu zakka a kansu. Imamu Abu Hanifa kuwa yana ganin akwai. Wake da dangoginsa ana fitar musu da zakka idan sun kai nisabi, watau sa'i 300, abin da lambun gida ba ya kaiwa. Amma rashin wajabcin zakka bai rufe ƙofar sadaka ba. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci Abu Zarri ya ƙara ruwa a romonsa domin maƙwabta su samu. Wanda aka nema ya raba romo, ina ga wanda alayyafo ya yi masa yawa har yana tsufa a fangali, alhali gidan da ke jikin nasa ana tuwo da miyar da ba ta da ganye?

Allah Ya sa albarka a cikin abin da aka shuka, Ya tsare Musulmi daga riba da algus, Ya ba da ikon aiki da abin da aka karanta, amin. Allah Shi ne Mafi sani.