Ɗaura Wuƙa A Injin Yankan Ciyawa Da Zaɓen Mariƙin Da Ya Dace

Idan damina ta ja baya, aikin sassabe yakan taso wa jama'a ta ko'ina: a filayen makarantu, da harabar asibitoci, da gefen hanyoyi, da kuma iyakokin gonaki inda ake share ciyawa don tare gobarar daji kafin hunturu. A da, lauje da adda su ne makaman wannan aiki. Yanzu kuwa ƙaramin injin nan mai doguwar sanda, wanda ake ratayawa a kafaɗa, ya shiga hannun manoma da leburori da yawa. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana lokacin da ya kamata a ɗaura wa injin wuƙar ƙarfe, da irin mariƙin da zai sa mai aiki ya mallaki wuƙar.

1. Zare Da Wuƙa

Wani mutumin birnin Houston na Amurka, George Ballas, shi ne ya ƙago injin yankan ciyawa mai zare a farkon shekarun 1970. Zaren na nailan ne, kaurinsa bai cika wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Idan kan injin ya juya da sauri, sai zaren ya miƙe ya riƙa tsinke ciyawa kamar bulala. Amfaninsa shi ne, in ya bugi dutse ko bango, shi ne zai gutsure, injin kuwa ba zai girgiza ba.

To, amma zare yana da iyaka. Ɗanyar ciyawa mai laushi yake iya ci. In aka kai shi ga gamba wadda ta ƙosa, ko tofa, ko tohon sabara da kalgo, sai ya yi ta tsinkewa, mai ya ƙare aiki bai ci gaba ba. A nan ne ake bukatar wuƙa.

Wuƙaƙen iri uku ne. Akwai wuƙar ciyawa mai haƙora 4 ko 8, don ciyawa mai kauri da karare. Akwai mai baki 3, wadda ta dace da sarƙaƙiya da toho wanda bai fi kaurin yatsa ba. Akwai kuma faifan zarto mai haƙora da yawa, don 'yan itatuwa masu kauri. Faɗin yawancinsu milimita 230 zuwa 255 ne.

2. Ba Kowane Inji Ke Ɗaukar Wuƙa Ba

Kafin a sayi wuƙa, sai a dubi sandar injin. In sandar lanƙwasasshiya ce wajen ƙasa, to wayar ƙarfe mai lanƙwasa ce ke juyi a cikinta, kuma an yi ta don zare kawai. Injin da ke ɗaukar wuƙa shi ne mai miƙaƙƙiyar sanda, wanda ke da akwatin haƙoran ƙarfe a ƙarshenta, abin da makanikai ke kira giya. Duk da haka, tilas ne a duba takardar da ta zo tare da injin, gama a cikinta ne masu ƙera shi suka faɗi irin wuƙar da suka yarda a ɗaura.

Ramin tsakiyar wuƙa yakan zama milimita 20 ko 25.4. Wajibi ne ramin ya zauna daram a mazauninsa. Wuƙar da ta kauce ko da kaɗan za ta riƙa rawa, kuma abin da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya, in ya yi rawa, ƙarshensa ɓallewa. A mayar da faranta da noti yadda aka tsara su. A yawancin injuna notin nan hagu ake murɗa shi ya ɗaure, domin juyin wuƙa kada ya kwance shi. Garkuwar da ke bayan kan injin ita ma a canza ta da wadda aka yi don wuƙa, kuma kada a cire ta don neman saurin aiki.

3. Harbin Wuƙa

Babban bambancin zare da wuƙa shi ne harbi. Idan haƙoran wuƙa suka ci karo da kututture, ko dutse, ko turken ƙarfe, wuƙar takan tsaya cak na ɗan ƙiftawar ido, sai ƙarfin injin ya koma kan sandar, ya wurgar da ita gefe. Wanda bai riƙe da kyau ba, wuƙar tana iya kai wa ƙafarsa ko ta wanda ke kusa.

Don a gane inda haɗarin yake, sai a kwatanta wuƙa da fuskar agogo, ƙarfe 12 yana can gaba. A yawancin injuna masu miƙaƙƙiyar sanda, in an duba daga sama, wuƙa tana juyawa ne saɓanin hannun agogo. Saboda haka ɓangaren da ke tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 3 shi ne mai harbi, domin yakan tura injin dama, ya kuma maido shi wajen mai aiki. Ɓangaren hagu kuwa jan injin yake yi gaba, nesa da jiki. Shi ya sa ake yanka daga dama zuwa hagu, gefen hagu na wuƙar yana cin aiki, a dawo da ita ba yanka, sa'an nan a ƙara taku.

4. Zaɓen Mariƙi

Mariƙi iri biyu ne. Na farko shi ne na zobe: hannun hagu yana riƙe da zobe a tsakiyar sanda, na dama yana baya wajen totur. Na biyu shi ne mai kama da kan keke, wanda wasu ke kira mai ƙaho: hannuwa biyu a buɗe, totur yana a ƙahon dama.

Mariƙin zobe ya fi sauƙin sarrafawa a matsattsen wuri. Mai aiki yana iya karkata injin ya bi gindin bango, ko bakin kwalbati, ko tsakanin itatuwan lambu, ko gangaren lambatu. Amma hannuwansa biyu suna kan layi ɗaya da sandar, don haka ba shi da ƙarfin tare ta in ta yi harbi gefe.

Mariƙin kan keke ya raba hannuwa dama da hagu, ya ba mai aiki ƙarfin danne harbi. Tare da shi ake amfani da maratayi mai kama kafaɗu biyu, wanda ke ɗauke nauyin injin, ya kuma tsare tazara tsakanin wuƙa da ƙafa. Mutum yana juya ƙugunsa ne kawai, injin yana shara kamar yadda ake yi da babban lauje. A fili mai faɗi, aikin yini guda da wannan mariƙi bai kai na zobe gajiyarwa ba. Aibinsa shi ne ƙahonin sukan maƙale a cikin sarƙaƙiya, kuma a kan gangare mai tsanani yana da wuyar sha'ani.

Ga ƙa'idar a taƙaice. Wanda yawancin aikinsa gyaran harabar gida ne da zare, mariƙin zobe ya ishe shi. Wanda zai yi sassabe da wuƙa a gona ko gefen hanya, ya nemi mai kan keke da maratayi. In ya zama dole a ɗaura wuƙar ciyawa a inji mai zobe, to sai an ƙara masa ɗan sandan kariya da ke fitowa daga zoben ya tokari cinya, tare da igiyar ratayawa. Faifan zarto kuwa, a bar shi ga mai kan keke.

5. Kafin A Tada Inji

A ƙwanƙwasa wuƙar da ɗan ƙarfe. Lafiyayya takan yi ƙara ras, mai tsaga kuwa ƙararta a dushe take. Wuƙar da ta tsage ko ta lanƙwashe a jefar da ita, kada a kai ta wurin mai walda. Haka kuma kada a ɗaura sarƙa ko wani ƙirar gida a kan injin. A shekarar 2010 wani ma'aikaci ya rasa ransa a Ingila sa'ad da guntun sarƙa ya ɓalle daga irin wannan inji ya buge shi, kuma a 2012 Tarayyar Turai ta hana sayar da kawunan yanka masu sarƙa.

A zaga filin tukuna a tsince duwatsu, da kwalabe, da waya, a kuma lura da ramuka da gidan zuma. A sa tabarau na kariya, da abin toshe kunne, da safar hannu, da dogon wando mai kauri, da takalmi mai rufe ƙafa. Babbar riga da silifa ba kayan wannan aiki ba ne. Mutane da dabbobi su yi nisan mita 15 aƙalla, musamman yara, waɗanda ƙarar inji takan jawo su kallo.

A gauraya fetur da man 2T bisa ma'aunin da takardar injin ta faɗa. In ta ce 50 da 1, to mililita 20 ke nan a kowace lita. In injin yana silo, bai kamata wuƙa ta juya ba. In tana juyawa, a kai shi gyara. A kashe injin kafin a cire ciyawar da ta nannaɗe, domin wuƙa takan ci gaba da juyi bayan an saki totur. A lokacin hunturu kuma a tuna cewa wuƙa in ta bugi dutse takan yi tartsatsi, busasshiyar ciyawa kuwa ba ta da wuyar kamawa, don haka a ajiye ruwa kusa.

Tambayoyi Don Bita

1. Ta yaya ake gane injin da ke iya ɗaukar wuƙa?
2. Wane ɓangaren wuƙa ne ke harbi, kuma ta wace fuska ake yanka?
3. Wane mariƙi ya dace da sassaben gona, kuma don me?
4. Nisan mita nawa ya kamata jama'a su yi daga mai aiki?