Taƙaita Na'urorin da ke Aika Wasiƙa ta Uwar Garken Ma'aikata

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilin da ya sa ba kowace na'ura ake bari ta aika imel ta uwar garken ma'aikata ba, da kuma hanyoyin da ake bi wajen tantancewa. Uwar garke dai ita ce kwamfutar da ke karɓar wasiƙun ma'aikata ta miƙa su inda aka nufa, watau tamkar gidan waya na cikin gida.

Asalin Matsalar

A shekarar 1982 Jon Postel ya wallafa ƙa'idar aika imel da ake kira SMTP a Amurka. A lokacin masu amfani da ita kaɗan ne, kusan kowa ya san kowa, don haka uwar garke takan karɓi wasiƙar baƙo ta isar ba tare da tambaya ba. Da intanet ta yaɗu, sai mazambata da masu tallan dole suka riƙa cusa dubban wasiƙu ta irin waɗannan ƙofofi. Wannan ya sa tun daga 1998 manhajar Sendmail ta zo da ƙofarta a rufe. A shekarar ce kuma aka kafa Spamhaus, mai tattara adireshin da ake zargi. Duk ma'aikatar da adireshinta ya shiga irin wannan jeri, wasu za su riƙa mayar da wasiƙunta, har na gaskiyar. Ga wake ɗaya ya ɓata gari.

Hanyoyin Tantancewa

A ƙaddara wata ma'aikata tana da babban ofishi a Tambuwal da reshe a Kebbe. Hanya ta farko ita ce jerin adireshi. Kowace na'ura tana da lambarta, kuma lambobin da suka fara da 192.168 na cikin gida ne. Sai a rubuta lambobin na'urorin da aka yarda da su kaɗai, alal misali na'urar ɗaukar hoton takarda da kwamfutar albashi. Kuskure ne a buɗe wa dukkan gidan, domin kwamfuta ɗaya mai ƙwayar cuta ta isa ta jawo abin kunya.

Amma jerin ba zai wadatar da ma'aikacin Kebbe ba, domin idan da layin waya yake shiga, lambarsa takan sauya. A nan ne hanya ta biyu ke da amfani, watau suna da kalmar sirri ta mashiga ta 587, wadda aka keɓe don wannan aiki. Ta farko na'ura take tambaya, ta biyu kuwa mutum.

Kammalawa

A taƙaice, haɗa hanyoyin biyu ya fi, tare da duba kundin shige da fice a kai a kai, da goge lambar duk na'urar da aka daina amfani da ita. Wasiƙar da ta fita da sunan ma'aikata mutuncin ma'aikatar ta ɗauka.