Yadda Ake Zaɓen Kamshaf ga Motar Neman Abinci

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare, duk mai mota a Wamakko ta jihar Sakkwato ya koma lissafi. Direban da ke jigilar ɗalibai zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da mai a-kori-kurar da ke kwasar siminti daga Kalambaina, buƙatarsu ɗaya: mota ta ja, kuma kada ta sha mai. Kamshaf yana da ta cewa a nan. Shi ne sandar ƙarfen nan mai ƙulu-ƙulu da ke kwance a saman inji. Karanshaf, sandar da fistin ke juyawa, ya yi juyi biyu, shi ya yi ɗaya, ƙulullukansa suna danna bawul su buɗe, iska da mai su shiga, hayaƙi ya fita.

In mota ta rage ja ko ta ƙara shan mai, kafin ka taɓa aljihu, tabbatar kamshaf ne mai laifin. Sau da yawa fulogi ne ya mutu, ko ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, ko tayimin ya tsallake haƙori. Sa bakanike ya buɗe murfin saman inji a gabanka, ka bi kan kowane ƙulu da farce. Lafiyayye sumul yake, yana sheƙi. Wanda ya cinye za ka ji farcenka na sarƙewa a zane ko ƙananan ramuka, tsininsa kuma ya dakushe in ka gwada shi da na kusa da shi.

In ya tabbata, rubuta lambar inji, domin sunan mota kaɗai ba ya isa. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai inji 1ZZ-FE kamshaf biyu gare ta, na shigar iska da na fitar hayaƙi, kuma ba a musanya su. Golf 3 mai inji 1.8 guda ɗaya gare ta, da bawul takwas. Ka tafi kasuwa da tsohon a hannu.

A nan ne samari ke ruɗuwa. Sun ga bidiyo a YouTube, an sa wa mota kamshaf na tsere irin na kamfanonin Piper ko Kent na Ingila, tana ruri. Abu uku ya bambanta shi da na asali: nisan da yake tura bawul, daɗewar bawul a buɗe, da ɗan lokacin da bawul na shiga da na fita suke buɗe tare. In waɗannan sun ƙaru, inji yana shaƙar iska sosai sa'ad da yake juyi dubu biyar ko shida a minti. To, wa ke kai allurar juyin inji can tsakanin Arkilla da Dundaye? Mai ɗaukar fasinja da buhunan albasa yawanci bai wuce juyi 3,000 ba, kuma a wannan ƙasa-ƙasan ne kamshaf na tsere yake da rauni. Mota ta yi nauyin tashi, sai an taka totur da ƙarfi. A silo ta riƙa karkarwa. Wani kaso na fetur ya bi salansa bai ƙone ba. Har birki yakan yi tauri, saboda zuƙar iskar da ke taimaka masa ta ragu. Ga kuma kashe kuɗi: sifirin na bawul masu ƙarfi, da sake saita kwamfutar inji. In turin ya yi yawa, bawul ya yi karo da fistin, shi ke nan inji ya tashi aiki.

Masu ƙera motoci sun daɗe da sanin wannan cikas. Shi ya sa Honda ta fito da VTEC a 1989, kamshaf mai ƙulu iri biyu, na tafiyar hankali da na gudu, ita kuma Toyota ta yi VVT-i mai gusar da lokacin buɗe bawul da ƙarfin baƙin mai. A ganina, motar haya ko ta kai yara makaranta ba ta da abin da ya fi irin wanda kamfani ya sa mata.

Saura zaɓi tsakanin sabo da ɗan Beljiyam, irin wanda ake kawowa daga Ladipo ta Legas ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Ɗan Beljiyam mai kyau ya fi sabo marar suna, wanda ƙarfensa ke saurin cinyewa. Wanke shi da fetur ka fito da shi rana. Wuraren da yake zama a kan mazauninsa in sun yi shuɗi-shuɗi, ya taɓa gudu ba baƙin mai, ajiye shi. Jera shi da tsohon, ka ƙirga ƙulu, ka duba haƙoran da sensa ke karantawa. Sannan ka ce wa mai shago, "Alhaji, in bai hau ba zan dawo da shi," a rubuta a rasit. In mazaunin da ke jikin kan silinda ma ya cinye, sayen kan gaba ɗaya ya fi sauƙi.

Wurin ɗaurawa kada a bar shi hannun yaran gareji su kaɗai. A canja tafet, waɗanda ƙulu ke dannawa, in sun cinye, in ba haka ba su lalata sabon. A shafe ko'ina da baƙin mai, a mayar da murafen riƙonsa bisa lambobinsu, a ɗaure su sannu-sannu. A daidaita alamomin tayimin, a juya inji da hannu sau biyu kafin a murza makulli. A zuba sabon mai da sabuwar filta, tunda zafin Afrilu a Sakkwato ya kan haura digiri 40, kuma VVT-i ba ya aiki daidai da mai mai datti.

Daga nan cika tanki, rubuta kilomita, yi aikinka na mako guda, ka koma famfon da ka sha ka sake cikawa. Raba kilomitar da litar da ta shiga, ka gwada da abin da motar ke sha a da.