Kwayil da Matsalar Wuta a Tsohon Injin Kwale-kwale: Nazari Daga Ƙasar Birnin Gwari

Gabatarwa

Ƙasar Birnin Gwari, wadda ke yammacin Jihar Kaduna, an fi saninta da noma da daji fiye da sufurin ruwa. A cikinta dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936, aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Kogin Mariga ya ratsa ƙasar, amma manyan ruwayen da kwale-kwale mai inji ke yawo a kansu suna kudu da yamma da ita, watau tafkin Shiroro wanda aka gama madatsarsa a 1990, da tafkin Kainji na 1968 wanda ya kai har Yawuri. Duk da haka bakaniken Birnin Gwari ba baƙo ba ne ga abin da za a tattauna a nan, domin kuwa injin yankan katako da injin ban ruwa da ƙaramin janareto duk da dabara ɗaya suke samar da wuta, su da injin kwale-kwale: maganaɗisu mai juyawa, da naɗaɗɗiyar waya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa naɗaɗɗiyar wayar nan, wadda kanikawa ke kira kwayil, ita ake saurin ɗora wa laifi in inji ya ƙi tashi, alhali kuwa ita ya kamata a tuhuma daga ƙarshe. Batun ba ƙarami ba ne. Injin da ya mutu a tsakiyar Kainji, ga iska ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, rayuka ya jefa cikin haɗari. Har ila yau, mai neman kayan gyara daga Birnin Gwari sai ya doshi Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, kuma a shekarun da 'yan bindiga suka tsananta wa hanyar Kaduna wannan tafiya sai da rai ce. Ba a yin irinta a kan zato.

Asalin Injin

Ole Evinrude, ɗan asalin Norwe mazaunin Milwaukee ta Amurka, ya fara sayar da irin wannan inji tun daga 1909. Johnson ya biyo baya a 1922, daga bisani aka haɗe su ƙarƙashin kamfani ɗaya a 1936. A Ingila an yi British Seagull har zuwa 1996, Yamaha kuwa ya shigo fagen a 1960. An daina ƙera Evinrude a 2020. Abin da ya haɗa galibin tsofaffin injunan nan shi ne ba su bukatar batir kafin su kawo wuta.

Yadda Wutar Ke Samuwa

A saman injin akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi, fulawil, wanda aka dasa wa maganaɗisu a cikinsa. A ƙarƙashinsa kwayil yake, a ɗaure kan faranti. Kwayil naɗi biyu ne na wayar tagulla a kan dunƙulen ƙarfe: na farko waya ce mai kauri, naɗi kaɗan, na biyu siririya ce kamar gashi, naɗi dubbai. In aka ja igiya fulawil ya juya, maganaɗisun ya gifta kwayil, sai lantarki ya gudana a naɗin farko. Wannan ita ce ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831. Daidai lokacin da fistin ya kusa kai ƙarshen hawansa, sai wasu 'yan ƙarafa biyu masu haɗuwa da rabuwa, watau kwantak, su buɗe. Yankewar lantarkin farat ɗaya ita ke haifar da ƙarfin dubban bolt a naɗi na biyu, ya bi waya ya yi tartsatsi a bakin fulogi. Aikin kwandansa kuwa shi ne ya shanye rarar lantarki don kada kwantak ya cinye.

Abin lura ga ɗalibin harshe a nan shi ne yadda Bahaushe ya hore waɗannan sunaye: ya mai da p ta koma f, ya cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, ya samu fulogi da fulawil. Amma kalmar "wuta" ta ɗauki nauyi fiye da kima. Ita ce lantarkin, ita ce tartsatsin, ita ce kuma ƙonewar fetur. Don haka in bakanike ya ce "ba ya kawo wuta", bai faɗi inda cutar take ba tukuna. Haka nan "kwayil ya ƙone" magana ce kawai. Tsohon kwayil bai cika ƙonewa ba. Tsattsagewa yake yi. Kwayil ɗin Johnson da Evinrude na shekarun 1950 ya yi suna a kan haka: rufin jikinsa ya bushe ya dare, danshi ya shiga, wutar ta riƙa zurarewa zuwa jikin inji maimakon ta isa fulogi.

Bincike Kafin Kwancewa

Ana farawa da mai, domin shi ya fi arha. Fetur ɗin da ya daɗe a tanki yakan yi danƙo ya toshe kafireta. Haɗin ma yana da ƙa'ida: tsohon Seagull kashi 10 na fetur yake so da kashi 1 na baƙin mai, Johnson da Evinrude na kafin 1964 kashi 24 da 1, na bayansu kashi 50 da 1. Daga nan sai a cire fulogi a duba bakinsa. In ya jiƙe da mai, man yana zuwa ke nan, wuta ce babu. In a bushe yake, kwayil ba shi da laifi tukuna.

Sa'an nan a gwada tartsatsi. Lafiyayyen kwayil wutarsa shuɗiya ce mai ƙara, tana iya tsallake tazarar milimita 6. Ja-ja mai rauni takan bayyana a fili, amma ta kasa a cikin silinda inda iska take a matse. Wannan ya yaudari mutane da yawa. A kuma duba wayar kashe inji, domin in ta goge ta taɓa ƙarfe, wutar duka ƙasa za ta bi. Kwantak mai tsatsa ko maiƙo shi kaɗai ya isa ya hana wuta, kuma tazararsa a waɗannan injuna rabin milimita ce. In ya yi ramuka ya yi baƙi, kwandansa ake zargi. Akwai kuma ɗan makullin ƙarfe da ke riƙe fulawil a kan sandar inji: in farfela ta daki kututture yakan karye ko ya goce, sai wuta ta zo lafiya lau amma ba a kan lokaci ba.

Alamar da ta fi nuna kwayil ita ce inji ya tashi da sanyi, ya yi tafiya, in ya ɗau zafi ya mutu, in ya huce ya sake tashi. Mita ma tana taimakawa: naɗin farko bai wuce om 1 ko 2 ba, na biyu kuwa dubbai ne. In mita ta nuna yankewa, magana ta ƙare. In ta nuna daidai, ba shaida ba ce, domin mita ba ta ganin tsaga.

Canja Kwayil

Fulawil da abin zaro shi ake cire shi, wanda ake ɗaurawa da kusoshi a jikinsa. Dukansa da guduma, ko da yake al'ada ce a gareji da yawa, ɓarna ce: yana raunana maganaɗisu, yana lalata bakin sandar. Kafin a kwance tsohon kwayil a lura da hanyar da kowace waya ta bi. A soka wayar fulogi sosai a kan ƙayar da ke cikin sabon, in kuwa wayar ta tsufa a canja ta tare, haka kwantak da kwandansa. Wurin da ake yawan kuskure shi ne zaman kwayil: dole ƙafafunsa su yi daidai da bakin mazauninsu a kan faranti. In sun fito, fulawil zai goge su. In sun shige, wutar ta yi rauni. Inji mai silinda biyu kwayil biyu gare shi, kuma shekarunsu ɗaya, saboda haka canja ɗaya a bar ɗaya rabin aiki ne.

A goge bakin sandar ya bushe ƙarau ba maiƙo, a zaunar da makulli, a mai da fulawil, a ɗaure noti tamau. Gwajin farko a cikin duro cike da ruwa ake yinsa, domin robar famfon da ke sanyaya injin takan lalace cikin ɗan lokaci in aka tashe shi a bushe. A bar shi ya yi aiki har ya ɗau zafi sosai, a kashe, a sake tayarwa nan take, kafin a yarda a ɗora shi a bayan kwale-kwale.